Shekarar Da Aka Tuge Waken Yaya Rakiya

Bana ma ruwa ya ɗauke mana ba sallama. Tun tsakiyar Satumba hadari ke haɗowa ta gabas, gari ya yi duhu har kaji su fara neman makwanci, sai iska ta zo ta watsa shi. Jiya da na bi ta Hanwa na ga waken mutane ya yi yaushi, ganyen ya nannaɗe, sai na tsaya ina kallo. Mun taɓa yin irin wannan shekarar ina aji uku a ƙaramar sakandare, lokacin da azumi ke faɗowa a ƙarshen damina. Mutanen Samaru suna tuna ta da tsadar hatsi. Mu a gidanmu, shekarar waken Yaya Rakiya muke ce mata.

Yaya Rakiya ce babbarmu, ni ce auta. Inna ba ta kama sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "'yar bokon nan". A lokacin tana digiri na biyu a jami'a, a wani sabon kwas da aka buɗe don koya wa ɗalibai gyaran iri a ɗakin gwaji, yadda in sun gama kamfanoni za su ɗauke su. Wani kamfanin iri na Kano ya riga ya ce zai ɗauki waɗanda suka kammala a ƙarshen wannan shekarar. Baba tsohon direba ne da ya ajiye aiki. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma duk gidan mun jingina da wannan alkawarin.

Aikinta a kan wuta-wuta ne, wata siririyar ciyawa da ke kama saiwar wake a cikin ƙasa ta tsotse shi har ya ƙanƙance. Akwai wani wake mai ƙananan ƙwaya wanda ba ta iya kamawa, amma ba mai son cin sa. Yaya ta haɗa furensa da na farin waken da ake so a kasuwa, ta yi ta shuka 'ya'yan da jikokin. Da ido ba ka gane wanda ya gaji ƙarfin. Sai an tsinki ɗan ganye an niƙa, an zuba a wasu 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsana ba, an sa a na'ura. Ta taɓa tafiya da ni. Abin da na riƙe shi ne sanyin ɗakin, da ƙamshin sifirit, da wasu 'yan zane-zane masu haske da ta nuna mini a ƙarƙashin fitila, tana cewa, "Wannan ya gada. Wannan bai gada ba." Na ce to, duk da ban ga bambanci ba.

Abin da ya rage mata shi ne ta gwada su a gonar da wuta-wuta ta riga ta cinye. Alhaji Tanko, dillalin dabbobi, wanda suke masallaci ɗaya da Baba, yana da irin wannan filin a bayan Hanwa. Ya daɗe da barin sa, don yana da babbar gona mai kyau a Zabi. Ya ara mata bisa al'adar da kowa ya sani: ƙwaya ta mai noma, harawa ta mai gona. Ina tsugune a ƙofar zaure da kofin ruwa lokacin da Yaya ta ce masa, "Amma Alhaji, don Allah kada a taɓa harawar sai na ce na gama."

"To, likitar wake," in ji shi, yana ɓantarar goro. "Malam Iro, 'yarka za ta yi wa wake allura."

Baba ya yi dariyar da ake yi wa mai gona.

Ban taɓa ganin gona irin tata ba. Ta ja igiya, kowace kunya da sandarta, kowace sanda da lamba a jikin ɗan gwangwani. Waɗanda suka gada da waɗanda ba su gada ba a jere, don a ga bambanci. Wuta-wutar ma ba a cire ta. Barin ta take yi ta fito a gindin kowane wake don ta auna wanda ta fi kamawa, da nufin in an gama a tuge ta duka a ƙone a nan cikin gonar. Masu wucewa kan tsaya su girgiza kai, wai mace ce ke kiwon ciyawar da kowa ke tsine wa.

Waken ya fara fure, azumi ya kama, ruwa ya ɗauke.

Da farko mun ɗauka hutun 'yan kwanaki ne. Baba kan fito bayan Azahar ya dubi gabas, ya koma ciki. Ƙasa ta fara tsagewa. Ranar tana da wani irin nauyi, ba irin ta bazara ba, zafi ne mai gumi da ke manna maka hijabi a wuya. Dawar mutane ta tsaya ba ta cika ido ba, masara ta bushe a tsaye. Kafin azumi ya raba, tiyar hatsi a kasuwar Sabon Gari ta fi ƙarfin gidaje irin namu. Ƙosai ya ɓace daga buɗa-bakinmu. Kunun tsamiyar Inna ya yi ta tsinkewa, har ina iya ganin zanen furen da ke gindin kwano tun ban sha rabi ba. Inna kan ce ita ba ta jin yunwa, ta tura mini nata tuwon sahur. Na lura a lokacin ne ta fara ɗaure zaninta da ƙulli biyu.

Yaya ta ce in furen ya zube, aikinta ya zube. Sai muka shiga ban-ruwa.

Akwai rijiya a wani kangon gida da ɗan nisa daga gonar. Baba ya aro kurar 'yan garuwa. Da mun yi sallar Asuba muke fita, shi yana jan guga, ni da Inna muna cika jarkoki, Yaya tana bin kunya da gwangwani tana zuba wa kowane gindi daidai da ɗan'uwansa, don in wani ya fi wani sha, gwajin ya lalace. Daga nan in wuce makaranta da laka a ƙafa. Wanda bai taɓa ɗaukar ruwa da azumi a baki ba ba zai gane ba. Yana kaɗawa a cikin jarka kusa da kunnenka, yana ɗiga maka a wuya da sanyinsa, ƙasa tana shanye shi da wani sauti kamar tana yi maka gwalo.

Da rana kuwa Saratu ke karɓa. 'Yar ajin Yaya ce, daga kudancin Kaduna, aikinta a kan rogo yake a cikin kwalabe, ba ruwanta da fari. Amma kullum sai ta zo da malafarta.

"Ku je ku kwanta, masu azumi, kada ku sume mini a nan," take cewa. "Ni na ci ɗumame na ƙoshi. Ummi, ke ko magana ba kya yi, ina za ki samu ƙarfin jarka?"

Ba ta taɓa shan ruwa a gabanmu ba. Bayan bishiyar ɗorawa take zagayawa, ta dawo tana goge baki a ɓoye. Na gani, ban faɗa ba.

Waken ya riƙe. A wasu kunyoyin wuta-wuta ta fito cunkus, ta yi fure ta yi 'ya'ya, waken ya zama rawaya. A wasu kuwa ko ɗaya babu, kwanso ya sauko jere-jere. Ranar da malamin Yaya ya zo dubawa, ya daɗe a tsugune, sannan ya ce ta bar su su bushe sosai, ta yi roro kunya-kunya, kowace a ambulan ɗinta. Yaya ta dawo gida tana ta zolayar Inna, har Inna ta ce, "'Yar bokon nan yau ta sha wani abu."

Abin da ba mu kula da shi ba shi ne ciyawa ma ta ƙone a daji. Alhaji Tanko yana da raguna a turke da yake kiwatawa saboda Babbar Sallah, harawa kuma ta zama abin nema. Na ga yaransa suna zagaya gonar suna leƙe. Na ɗauka waken suke sha'awa.

A goman ƙarshe ne, wata Asabar da hantsi, muka je da ambulan-ambulan a cikin kwali. Tun daga nesa na ga gonar ta yi faɗi. Babu kore ko kaɗan. An tuge komai tun da raɓa, an nannaɗe, an yi dami-dami, wata a-kori-kura tana ɗaukar na ƙarshe. Sandunan lamba an tara su gefe kamar itacen girki. Alhaji yana tsaye da carbi.

Yaya ta ajiye kwalin a hankali.

"Alhaji, me aka yi haka?"

"Harawata na ɗauka. Ko ba haka muka yi ba?"

"Na ce sai na gama."

"In na jira ki ganye ya kakkaɓe, kara zan ba raguna? Ba waken ba ne? In an sussuke zan aiko miki da shi a buhu, ko ƙwaya ba na so."

"A buhu ɗaya?" in ji Yaya. "Alhaji, kowace kunya daban ce. Aikin shekara biyu ne."

"Wake dai wake ne, 'yar nan. In an dafa duk ɗaya ne."

Yaransa suka yi dariya. Saratu ta fara magana da Turanci, Yaya ta riƙe mata hannu. Ni kuwa idona na kan damin da ke bayan motar. Tsakanin ganyen ga wuta-wuta nan a cakuɗe, busasshiya, kawunanta sun yi baƙi. Duk sanda motar ta girgiza sai wani gari mai laushi ya zubo daga jikinsu.

Buhun bai taɓa zuwa ba. Ragunan ne suka cinye har kwanson.

Ban taɓa tsanar mutum ba sai ranar. Da aka sha ruwa Yaya ta kasa haɗiyar komai. Na zauna ina kallon kwanonta, ina roƙon Allah abubuwan da ba a roƙa a watan azumi.

Washegari Inna ce ta ɗauki ƙwarya ta yafa mayafi.

"Ku tashi. Ya ɗauki tasa al'adar, mu ma za mu ɗauki tamu."

Kala take nufi. In mai gona ya kwashe amfaninsa, abin da ya zube a ƙasa na duk wanda ya tsinta ne. Muka je mu duka, har Baba da Saratu. Busasshen kwanso yana fashewa in an fizge shi, don haka ƙwayoyi sun watsu cikin tsagar ƙasa. Muka durƙusa muna tono su da tsinke. Ƙasar na ƙona gwiwa ta cikin zani. Leɓena ya tsage, in na sunkuya sai in ga gari yana juyawa. Wani yaron Alhaji ya zo ya ce wai a fita daga gonar.

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. "Je ka ce masa kala muke yi. In an hana kala a garin nan, ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban mutane."

Bai zo ba. Mun yi kwanaki muna tsinta, muka tara abin da bai cika ƙaramar ƙwarya ba, duk a gauraye, ba mai lamba.

A hanyar gida na gaya wa Yaya garin da na ga yana zuba daga damin. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Kin tabbata baƙi ne? Kawunan sun buɗe?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce wannan garin shi ne irin wuta-wuta. Manoma da yawa sun ɗauka gajiyar ƙasa ce ke haifar da ita, ba su san tana da iri ba, don ya fi ƙura laushi. Zai zuba a turken raguna ya gauraya da taki. Kowa kuma ya san inda Alhaji ke kai takinsa duk bazara: babbar gonarsa ta Zabi, wadda ba ta taɓa ganin wuta-wuta ba.

Da muka isa gida Baba ya ji labarin. Ya ce, "Sai a gaya masa."

"Baba!" in ji Yaya.

"Abin da ya yi tsakaninsa da Allah ne. Ke kin sani, shi bai sani ba. Ki je. Ummi ta raka ki."

Bayan Sallah muka je. Yana ƙofar gida a kan benci da abokansa, ragunan suna ta tumur-tumur a gefe, ƙarƙashinsu duk ragowar harawarmu. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Alhaji, game da harawar nan ne na zo. Akwai abin da ya kamata ka sani kafin..."

"Har yanzu ba a gama makokin waken ba?"

"Ba wannan ba ne. Takin da ke..."

"Kun ji, taki ma nata ne! Alhaji Bala, yanzu kashin raguna ma sai an yi masa lamba."

"Alhaji, minti ɗaya kawai."

"Ke, ba na son jin komai. Na ara miki gona kyauta, abin ya zama rigima. Tun ba a haifi ubanki ba ake noma a gidanmu. Tashi ki ba ni wuri."

Na ga bakin Yaya ya buɗe, ya rufe. Ta dubi turken, ta dube shi. Fuskarta ta kwanta lumui, irin yadda take yi in ta gama lissafi.

"To, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa."

Da muka koma Baba ya tambaya ko ta faɗa masa. Ta ce, "Na je, Baba. Ya ce ba ya son jin komai." Baba ya dube ni, na ce haka aka yi. Haka kuwa aka yi.

Wannan ƙaramar ƙwaryar ita ta ci mana rani. Yaya ta shuka ƙwayoyin ɗaya-ɗaya a gwangwanayen madara, tsakar gidanmu ta cika da su, ni ke korar kaji. Duk wanda ya tsiro sai ta tsinki ganyensa ta kai ɗakin gwaji don a gane ko ya gada. Wuta ba ta zama a lokacin. Sau da yawa na'ura na tsakiyar aiki za a ɗauke, kafin a tada janareto komai ya lalace, sinadaran kuma sai an jira a kawo daga Legas. Yanzu na ji ɗalibai suna da sola, suna gama irin wannan a 'yan kwanaki. Ita sai da ta kai har zafin Afrilu. Ta samu waɗanda suka gada, kaɗan ne, amma ta samu. Sai dai gwajin gona dole a sake shi daga farko.

Kamfanin bai jira ba. Ya ɗauki Saratu da wasu. Saratu ta zo sallama tana kuka fiye da Yaya, ta kuma roƙi kawunta ya ba da wani fili a Jushi, harawa da komai na Yaya ne. Shekara guda cur ta ƙaru mana ta tsinkakken kunu. A cikinta Baba ya koma tuƙin bas tsakanin Samaru da Sabon Gari, da furfurarsa da ciwon bayansa. Duk sanda na ga yana saukowa daga motar yana dafa ƙugu, Alhaji Tanko nake gani.

A bazarar na ga jakuna ɗauke da mangalar taki sun nufi Zabi. Na tsaya a bakin titi har suka wuce.

Yaya ta gama a shekara ta gaba, kamfanin ya ɗauke ta. Wuta-wuta kuwa ba ta gaggawa. Daminar farko tsilli-tsilli ta fito a gonar Zabi, Alhaji ya ce ƙasa ce ta ɗan gaji, ya ƙara mata taki daga turken nan dai. Damina ta biyu gonar ta tashi daga hannunsa.

Wata Asabar Yaya ta zo hutu daga Kano, sai ga Alhaji Tanko a zaurenmu da wani ƙanƙanannen wake a hannu, saiwar duk ƙulli. Baba ya ce in kira ta. Na kawo ruwa na ƙi fita.

"Hajiya Rakiya," in ji shi, "gonar nan tun ta kakana ce, ba ta taɓa yin haka ba. Ko hannu aka sa mini?"

"Hannu ne, Alhaji. Naka." Ta bayyana masa tiryan-tiryan, daga damin zuwa turke, daga turke zuwa mangala.

Ya ajiye waken a kan tabarma. "Kin sani tun lokacin?"

"Na zo har ƙofar gidanka."

Can ya ce ya ji wai tana da irin da abin ba ya kamawa. Yaya ta ce yana hannun masu tantancewa, ba ta da ikon fitar da ko ƙwaya, kuma da tuni ya kusa fitowa in da ba a rasa shekara guda ba. Abin da zai yi kafin nan shi ne ya bi gonar gindi-gindi ya tuge wuta-wutar da hannu tun ba ta yi fure ba, ya ƙone. Ba bana kaɗai ba. Irin yana daɗewa a ƙasa yana jira.

"Kuma kada ka bar wa yara," ta ƙara. "Suna tsallake wasu."

Makarantarmu a Sabon Gari take, Zabi ba hanyata ba ce. Amma ranar Litinin da aka tashi na bi ta can a ƙafa, cikin rana. Na same shi a tsakiyar gonar, ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan kara, ya duƙa, gumi ya jiƙe masa 'yar shara. Ya tuge kunya ɗaya, a gabansa ga sauran har inda ido ya tsaya.

Ni da malamai ke cewa in ɗaga murya don ba sa ji na, na tsaya a bakin gonar na gyara jakata.

"Sannu da aiki, Alhaji! Ga wata can a bayanka, ka tsallake ta."

Ya juya, ya duba. Tana nan kuwa. Ya koma ya duƙa.